Yadda Ake Saita Faiba da Magudanar Haske a Kan Cif, Mataki-Mataki

Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce: ga cif mai magudanan haske, wato ƙananan hanyoyin da haske ke bi a cikinsa, ga faiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, ga leza, ga mitar auna haske, amma an wuni ana murza sukuru mita ba ta ko motsa ba. Ko kuma ta motsa, sai dai abin da ke fitowa bai kai kashi 1 cikin 100 na hasken da aka tura ba. Mafi yawan lokaci laifin ba na hannun mai saiti ba ne. Yana cikin abin da aka tsallake tun kafin a taɓa sukurun: ba a duba ko ɗigon hasken faiba ya yi daidai da na magudana ba, ba a ɗauki awon tushe ba, ko an shiga neman ƙololuwa alhali kusurwa ba ta zauna ba. Ga jeren aikin, a zangon haske, wato tsawon igiyar kaɗawarsa, na nanomita 1310 da 1550 da ake tura data da su. Nanomita 1000 ne maikiron 1, maikiron 1000 kuma milimita 1.

1. Yi lissafi tun leza tana kashe

Faiba ta yau da kullum, irin SMF-28 ta Corning mai bin ƙa'idar G.652, rigarta ta roba kusan maikiron 250 ce, gilashinta maikiron 125. Ɗigon hasken da ke tsakiyarta faɗinsa maikiron 10.4 ne a zangon 1550, da 9.2 a zangon 1310. Ita kuwa magudanar silikon, faɗinta nanomita 450 zuwa 500 ne, kaurinta nanomita 220. Idan aka kara bakin wannan da bakin waccan kai tsaye, asara takan kai 20 dB ko fiye. dB ma'aunin asarar haske ne: 3 dB rabi ya tafi, 20 dB kuwa kashi 1 cikin 100 ne ya rage. Tamkar juye bokitin ruwa ne a bakin kwalba babu mazurari. Shi ya sa masu zana cif suke saka mahaɗa, kuma iri biyu ne suka fi yawa.

Na farko haɗi ta gefe. Magudanar tana tsukewa a hankali har tsininta ya koma ƙasa da nanomita 200 a bakin cif, sai hasken ya buɗe ya zama ɗigo na kusan maikiron 2.5 zuwa 3. Asararsa kaɗan ce kuma yana ɗaukar zango mai faɗi, amma ba ya yafe kuskure. Na biyu haɗi ta sama, ta giretin, wato jerin tsage-tsage da aka sassaƙa a fuskar cif. Faiba tana zuwa daga bisa a karkace. Ya fi sauƙin saiti, amma giretin na gama-gari yakan ci 3 zuwa 5 dB, kuma nanomita 30 zuwa 40 ne kawai faɗin zangon da yake karɓa da kyau.

Nemi takardar cif ɗin ka ga girman ɗigon da aka zana mahaɗar da shi, sannan ka yi lissafi biyu.

Rashin daidaiton girma: kason hasken da zai shiga = [2 × D1 × D2 ÷ (D1² + D2²)]², inda D1 shi ne faɗin ɗigon faiba, D2 kuma na mahaɗa. Faiba mai ɗigo 10.4 da mahaɗa mai ɗigo 3 za su ba ka 0.28, wato asarar 5.5 dB. Ko da hannunka ya fi na kowa natsuwa, ba za ka sauka ƙasa da wannan ba. Maganinsa canza faiba: ko mai tsini wadda aka ƙera bakinta ya tattara haske zuwa maikiron 2.5, ko ƴar guntuwar faibar UHNA, irin mai ƙaramar cibiya, mai ɗigon maikiron 3 zuwa 4 da aka narka aka jona a bakin ta yau da kullum.

Gocewa gefe: asara a dB = 4.34 × (d ÷ w)², inda d shi ne nisan gocewar, w kuma rabin faɗin ɗigo. Da ɗigon 10.4, sai ka goce maikiron 2.5 kafin ka yi asarar 1 dB. Da ɗigon 2.5, maikiron 0.6 ya isa, maikiron 1 kuwa ya cinye kusan 3 dB, rabin haske ke nan. Wannan lambar ce za ta faɗa maka irin dandamalin da aikin yake buƙata. Abin lura: ƙaramin ɗigo ya fi jure karkatar kusurwa, babba ya fi jure gocewa gefe. Digiri 1 na karkata yana cin kusan 0.15 dB a ɗigon 10.4.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Ana buƙatar leza mai sauya zango, ko aƙalla mai zango ɗaya. Mitar haske mai idon InGaAs, sinadarin da ke ganin haske a waɗannan zanguna. Na'urar murza fuskar kaɗawar haske, wadda ake kira folarazeshan, mai fukafukai uku. Dandamali biyu masu motsi da ake ɗora faiba a kai, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Mazaunin cif mai zuƙar iska. Kamara biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe. Filayar feɗe faiba, mayankin faiba, sifirit na IPA mai kashi 99, tishu marar gashi, madubin duba bakin kanekta, da ƴar jar leza ta nanomita 650.

Leza mai sauya zango da dandamali mai sarrafa kansa, irin mai ƙafa shida na kamfanin PI, su ne masu tsada, kuɗinsu yana shiga dubban daloli goma-goma. Dandamalin hannu mai fiyezo a ciki, wato abin da wutar lantarki ke motsawa da ƙananan taku, irin NanoMax na Thorlabs, ƴan dubbai ne, kuma ya wadatar idan ba cif ɗari za a auna a rana ba. Inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba shi ne faiba mai tsini: guda ɗaya ta ninka igiyar faiba ta yau da kullum sau da yawa a farashi, kuma karo ɗaya da bakin cif ya gama da ita. Kada ka yi tsimi a kamarar gefe. Ita ce ke tsare maka tsinin.

Idan ɗigonka maikiron 3 ne ko ƙasa, sukurun hannu kaɗai ba zai yi ba, sai da fiyezo mai taku na gomman nanomita.

3. Natsar da teburi

Ɗora komai a teburin da iska ke ɗauke da shi, ka rufe wurin saitin da akwati ko labulen roba don kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa kaɗa faiba. Tsawon faibar da ya leƙo daga mariƙi kada ya wuce milimita 3 zuwa 5; in ya fi haka, za ka ga mita tana rawa da kowace magana. Kunna leza da kamara da fitila minti 30 kafin aiki.

Gargaɗi: zafi yana motsa ƙarfe fiye da yadda ake zato. Alminiyam yana miƙewa kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri. Hannun mariƙi mai tsawon milimita 50 zai miƙe fiye da maikiron 1 idan ɗaki ya ƙara digiri 1 kacal, kuma ka riga ka ga abin da maikiron 1 yake yi wa ƙaramin ɗigo. Idan saitinka yana zamewa a hankali ta fuska ɗaya, duba zafi kafin ka zargi fiyezo.

4. Shirya bakin faiba

Feɗe rigar roba kamar santimita 3, ka goge gilashin da tishu mai sifirit har ka ji yana ƙara, sannan ka yanka. Jeren ke nan: feɗewa, gogewa, yanka. Wanda ya goge bayan ya yanka, ya shafa wa sabon baki datti da hannunsa. Duba bakin a kamara: ya zama shafal, babu leɓe, babu tsagewa, karkatarsa ƙasa da rabin digiri. In ka yi shakka, sake yanka. Daƙiƙa 30 ne.

Faiba mai tsini ba a goge ta da tishu. A tsoma tsinin cikin sifirit, a bar shi ya bushe.

Duk kanektar da za ka jona, duba ta a madubi tukuna, ko da sabuwa ce daga leda. Kuma kada ka haɗa kore da shuɗi: koren kai, APC, an goge bakinsa a karkace digiri 8, shuɗin kuwa miƙe yake. Haɗa su yana jawo asara mai yawa, yana kuma iya ɓata bakunan biyu.

Gargaɗi: guntayen gilashin da aka yanke suna shiga fata ba a gani. Tsince su da salatif nan take, ka jefa a kwalba mai murfi.

5. Ɗauki awon tushe

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma in babu shi duk lambar da ka samu daga baya ba ta da ma'ana. Saita mita a zangon da kake aiki, ka rufe idonta ka mayar da ita sifiri. Sannan ka jona hanyar haske gaba ɗaya, daga leza zuwa na'urar folarazeshan zuwa igiyoyi zuwa mita, ba tare da cif a tsakani ba, ka rubuta abin da ta nuna a dBm, ma'aunin ƙarfin haske. Idan za ka share zango, wato ka sa leza ta bi zanguna ɗaya bayan ɗaya kana auna haske, ɗauki awon a duk faɗin zangon, domin ƙarfin leza ba ɗaya ba ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da faiba mai tsini, haska tsinin kai tsaye cikin babban idon mita ka ga abin da yake fitarwa a zahiri.

Gargaɗi: ido ba ya ganin hasken 1310 ko 1550, don haka ba ya ƙiftawa ya kare kansa. Kada ka leƙa bakin faiba ko ka sa shi a madubin ido leza tana kunne. Fara da 0 dBm, wato miliwat 1, ko ƙasa. Ƙarfi mai yawa yana ƙona ƙura a kan tsini ta manne har abada, kuma magudanar silikon da kanta tana fara shanye haske idan ya kai gomman miliwat, sai ka ɗauka saitinka ne bai yi ba.

6. Zaunar da cif, ka gyara kusurwa da ido

Ɗauki cif da hantsaki mai bakin roba ta gefen da babu mahaɗa. Hure ƙura da busasshiyar iska. Bakin cif ya ɗan leƙo daga mazauni, don kada faiba ta daki ƙarfen kafin ta isa.

Janye faiba baya kamar rabin milimita. A kamarar sama, juya mariƙi har faiba ta miƙe sak da layin magudana. A kamarar gefe, gyara ɗagawar kanta har ta kwanta daidai da fuskar cif. Sannan ka gwada: tura ta gaba maikiron 200 ka dawo da ita, kana kallon tsini. Idan yana tafiya a karkace, to dandamalin ne bai fuskanci cif ba, gyara yanzu. In ka bari, duk lokacin da ka matso gaba a mataki na 8 sai ka rasa hasken.

Don samun tsayi, sa kamarar sama ta fito da fuskar cif tar, sannan ka ɗaga ko ka sauke faiba har gefunanta biyu, inda ta fi faɗi, su fito tar su ma. Tsakiyarta ta zo kusa da tsayin magudana ke nan, cikin ƴan maikiron.

7. Hasken farko

Nan ne ake kwana. Matsalar ita ce ɓangare biyu ne ba a saita ba, kuma mita ba za ta nuna komai ba sai dukansu sun kusa. Dabarar ita ce ka raba su.

A ɓangaren fita, fara da abin da ke kama haske da yawa: faiba mai cibiyar maikiron 50, ko ruwan tabarau na maikiroskof da kamarar infrared, mai ganin hasken da ido ba ya gani, a bayansa. Da haka ɓangaren shiga kawai kake nema. Bayan ka same shi, sai ka mayar da faibar ainihi a fita ka saita ta ita kaɗai.

Jar leza tana taimakawa, amma san iyakarta. A magudanar silikon naitiraid ko gilashi ko folima, za ka ga jan layi ya bi magudanar idan ka dace. Silikon kuwa yana shanye duk hasken da ido ke gani, sai zango ya haura kusan nanomita 1100 yake barin haske ya wuce. A nan jar leza za ta nuna maka inda faiba ta dosa ne kawai.

Sa mita a dBm, ka hana ta canza mataki da kanta, ka rage lokacin da take ɗauka kafin ta ba da lamba, don kada ka wuce haske ita tana nan tana lissafi. Kashe fitilar maikiroskof idan ta halojin ce: tana fitar da infrared, idon InGaAs yana ganinsa, sai ya binne ɗan hasken da kake nema.

Tsaya nesa da bakin cif, kamar maikiron 20 bayan inda hasken yake tattaruwa. A wannan nisa ɗigon maikiron 2.5 ya buɗe ya kai kusan maikiron 16, ya fi sauƙin dacewa. Yi shara layi-layi: tafi hagu zuwa dama, ka ɗaga maikiron 3, ka dawo. Fi mayar da hankali a sama da ƙasa, domin kamarar sama ta riga ta ba ka hagu da dama.

Idan an share ko'ina babu komai, murza fukafukan folarazeshan ka sake. Mahaɗa da yawa, musamman giretin, fuska ɗaya suke karɓa, wadda ake kira TE, ɗayar kuma su rage ta da 20 dB ko fiye. Mai tushen haske na ASE, wanda fuskarsa a gauraye take, ya yi neman farko da shi: mafi munin abin da zai rasa 3 dB ne.

Gargaɗi: akwai ƙololuwar ƙarya. Haske yana iya bi ta cikin gindin cif ko ta shimfiɗar gilashin da ke kewaye da magudana ya fito a ɗaya gefen. Gwajinsa mai sauƙi ne. Goce gefe maikiron 2 da ƙaramin ɗigo: hasken gaskiya zai faɗi fiye da 10 dB. Idan ka yi tafiyar maikiron 10 ko 20 hagu da dama lamba ba ta canza sosai ba, ba a cikin magudana kake ba. Ɗaga sama ka sake nema, don galibi ka yi ƙasa da yawa ne.

8. Hau ƙololuwa

Jeren shi ne: sama da ƙasa, hagu da dama, folarazeshan, sannan ka matso gaba kaɗan, ka maimaita. Kowane matsowa gaba yana ɗan gotar da sauran, don haka ba a matsowa sau biyu a jere. Gama ɓangaren shiga, ka koma fita, ka dawo shiga.

Kada ka tsaya inda lamba ta fi girma a idonka, domin saman ƙololuwa a shimfiɗe yake. Nemo inda ta faɗi 1 dB a hagu, da inda ta faɗi 1 dB a dama, ka zauna a tsakiya. Riƙa isa wurin ta fuska ɗaya kullum saboda sukuru yana da ɗan sako-sako. Kuma ka cire hannu kafin ka karanta: nauyin yatsa a kan sukuru ya isa ya canza lamba.

Matsowa gaba ya bambanta da irin faiba. Mai tsini tana da nisan aikinta, galibi maikiron goma sha wani abu, yana rubuce a takardarta. Haske zai yi ta ƙaruwa har ka iso wannan nisa, sannan ya fara raguwa. Kuskuren maikiron 3 a nan 1 dB ne. Da ka ga ya fara raguwa, ja baya. Mai ci gaba da turawa yana fatan ƙari, tsini zai fasa. Mai yankakken baki kuwa tana matsowa har kusan taɓawa, kuma za ka ga mita tana hawa tana sauka a kowane nanomita 775, rabin zangon 1550, saboda haske yana kai-komo tsakanin bakin faiba da bakin cif. Alama ce cewa ka iso. Idan ka ga faibar ta ɗan lanƙwasa ko ta zame gefe a kamara, ta riga ta taɓa.

Da ka gama da folarazeshan, manne igiyar a teburi da salatif. Ɗaga ta ko lanƙwasa ta yana juya fuskar hasken. Idan faibar PM ce mai riƙe fuska, kusurwar juyinta ce abin saiti: kuskuren digiri 3 yana barin tazarar kusan 26 dB tsakanin fuskokin biyu, digiri 5 kuma 21 dB.

Sai bayan duk wannan za ka taɓa kusurwa, ita ma kaɗan, kana sake saita gefe bayan kowane taɓi. Yanzu cire awon tushe, ka kwatanta da lissafin mataki na 1. Tazarar da ba ta wuce 1 dB ba, aiki ya yi. In ta kai 3 dB, koma ka duba bakin faiba da bakin cif. Murza sukuru ba zai biya ta ba.

9. Idan giretin ne, ko jerin faiba

A giretin, kusurwa ce ke zaɓar zango. Galibi ana zana shi don digiri 8 ko 10 daga tsaye, kuma kowane digiri yana matsar da ƙololuwa wajen nanomita 10: ƙarin karkata, gajeren zango. A yawancin zane, saman faibar yana jingina baya ne, nesa da magudana, yadda hasken zai dosa cikinta. Mutane sukan juya ta baibai su wuni suna nema.

Sauko da faiba kana kallon kamarar gefe. Za ka ga ita da inuwarta a fuskar cif suna matsowa juna. Rabin tazarar da ke tsakaninsu shi ne tsayinka. Tsaya a maikiron 10 zuwa 20.

Jerin faiba kuwa tubalin gilashi ne mai kwari-kwari, faiba a kwance cikin kowane kwari, tazararsu maikiron 127 ko 250. Lura cewa tubalin da aka goge digiri 8 ba daidai yake da faibar da aka karkata digiri 8 a iska ba: hasken da ya fito daga gilashi a digiri 8 yana zama kusan digiri 11.6 a iska. Tambayi wanne mai zanen yake nufi.

Jeri yana ƙara wahala ɗaya, juyi. Faiba 8 a tazarar 127 sun mamaye maikiron 889. Kuskuren digiri 0.1 yana gotar da ta ƙarshe fiye da maikiron 1.5. Shi ya sa ake zana magudanar zagaye da ta haɗa mahaɗa ta farko da ta ƙarshe. Tura haske ta farko, ka karɓa ta ƙarshe, ka saita gefe da juyi har lamba ta cika. Na tsakiya za su zauna da kansu. Raba asarar biyu, ka sami ta kowace mahaɗa.

10. Share zango ka karanta zanen

Lamba ɗaya a zango ɗaya tana ɓoye abubuwa. Share zangon, ka duba ko layin yana da ƙananan tudu da kwari a jere. Idan akwai, haske yana kai-komo tsakanin fuskoki biyu, kuma tazarar tudun za ta nuna maka wurin: tazara = zango² ÷ (2 × n × L), inda L shi ne nisan da ke tsakanin fuskokin biyu, n kuma yawan ninkin da abin da haske ke ratsawa yake rage masa gudu. Cif ɗin silikon mai tsawon milimita 5, da n na kusan 4.2, yana ba da tudu kowane nanomita 0.06, bakunan cif ne. Tudu masu faɗin gomman nanomita, ratar iska ce tsakanin faiba da cif. Kowace fuskar gilashi da iska tana mayar da kusan kashi 3.5 cikin 100 baya. Ɗigon man daidaita n a ratar yana kashe yawancinsa, amma ga mai yankakken baki kawai.

11. Gam

Saiti mai kyau yakan lalace a nan, cikin minti ɗaya.

Da farko, faiba mai tsini ba a sa mata gam a baki. Tsininta yana tattara haske ne saboda bambancin gilashi da iska. Gam ya cike wurin, tattarawa ta tafi. Ana kafe ta ne daga baya, ko da walda ta leza a kan mariƙin ƙarfe. Don haka idan haɗin na dindindin ne, tun farko ka zaɓi UHNA ko jerin faiba.

Gam iri biyu ne: na hanyar haske, wanda n ɗinsa ya kusanci na gilashi, wajen 1.45, da na riƙo, mai ƙarfi da ƙarancin tsukewa. Duba n a zangon aikinka, domin lambar da ke gaban takarda sau da yawa ta hasken da ido ke gani ce. A mahaɗar gefe da aka rarake ƙarƙashinta, gam mai n sama da na gilashi yana janye haske waje.

Fito da gam daga firji ya huce kafin ka buɗe, don kada raɓa ta shiga. Ja faiba baya, ka ɗiga ɗan kaɗan da tsinin wata guntuwar faiba, ka dawo, ka tabbata babu kumfa a hanyar haske. Sake hawa ƙololuwa, domin gam ya canza ta. A giretin mai faiba a karkace, har ƙololuwa tana matsawa zuwa gajeren zango.

Gam yana tsukewa idan yana bushewa, kuma yana jan faiba zuwa inda ya fi kauri. Shimfiɗa mai kaurin maikiron 20 da ta tsuke kashi 2 cikin 100 ta ja maikiron 0.4. Saboda haka shimfiɗar ta zama siririya, kuma daidai a kowane gefe. Haska fitilar UV ta nanomita 365 daga ɓangarori biyu lokaci guda, da ƙarfi kaɗan da farko, idonka a kan mita. A daƙiƙun farko kana iya gyarawa da fiyezo. Da gam ya fara kamawa, cire hannu, in ba haka ba za ka bar masa damuwar da za ta saki daga baya. Idan gwaji ya nuna kullum fuska ɗaya yake ja, fara da gocewa kaɗan ta kishiyar fuskar.

Gargaɗi: UV ba ya ratsa silikon. Gam ɗin da ya shige inuwa zai zauna ɗanye, sai dai in irin wanda zafi ma ke busarwa ne. Haska ta ɓangaren gilashi, ka gasa a zafi da lokacin da takardarsa ta faɗa, kuma ka sa tabarau mai tare UV.

Saki mariƙi a hankali kana kallon mita. Faɗuwar 0.2 zuwa 0.5 dB daga farkon gam zuwa ƙarshe abin karɓa ne a ƙaramin ɗigo. Sannan ka kafe rigar faibar a jikin akwatin, nesa kaɗan da haɗin, yadda in an ja igiya ba haɗin ne zai ɗauki nauyin ba. Rabin faɗin da'irar lanƙwasar faibar G.652 kada ya yi ƙasa da milimita 30, faibar G.657.A2 mai jure lanƙwasa kuwa tana jure 7.5.

12. Gwada da data ta gaske

Mita tana auna yawan haske ne kawai, ba ta ganin wanda ya koma baya, kuma a babban gudu shi ne mai ɓarna. Ɗauki 400GBASE-DR4, tsarin tura gigabit 400 a daƙiƙa ta faiba, na ƙa'idar IEEE 802.3bs ta 2017: layi 4, kowanne yana tura alama biliyan 53.125 a daƙiƙa da tsarin PAM4, a zangon 1310, nisan mita 500, kuma 3 dB kacal aka ware wa duk hanyar. PAM4 matakin haske 4 gare shi, don haka tazarar kowane mataki sulusin ta tsarin kunna-kashe ce, kusan 4.8 dB ƙasa. Hasken da ya yi kai-komo sau biyu ya dawo a makare yana hawa kan na ainihi ya cike wannan ƴar tazara. Shi ya sa kanektar DR4 mai karkataccen baki ce.

Auna hasken da ke komowa ta hanyar sa sakuleta, na'urar da ke karkatar da hasken da ya komo zuwa wata ƙofa daban, tsakanin leza da haɗin. Sannan ka tura data, ka sa na'urar rage haske kafin mai karɓa, ka zana yawan kuskuren bit a kan ƙarfin haske. Layin lafiya yana gangarowa ba tsayawa yayin da kake ƙara haske. Idan ya gangaro ya kwanta a wani mataki, ƙarin haske ba ya rage kuskure, fara da zargin komowar haske: kumfa a gam, rata da ba ta cika ba, ko kanekta mai datti. Iyakar da gyaran kuskure na wannan ƙa'ida yake ɗauka ita ce 2.4 × 10⁻⁴, kuma ana son ka zauna ƙasa da ita da rata mai kyau.

Haɗin da zai fita daga ɗakin gwaji sai ya sha zafi da sanyi. Ƙa'idojin Telcordia, GR-468 da GR-1221, suna juya kaya tsakanin digiri 40 ƙasa da sifiri da digiri 85, suna kuma ajiye su a digiri 85 da laimar kashi 85 cikin 100. Auna asara kafin, da lokacin, da bayan. Wadda ta hau da zafi ta sauko da sanyi, bambancin miƙewar gam da gilashi da silikon ne, sai a rage kaurin gam. Wadda ta hau ta ƙi saukowa, gam bai gama bushewa ba ko ya fara saki, kuma wannan haɗin sai an sake shi daga mataki na 4.